Abokin Hira Na Aljihu: Wace Na'urar Sauraro Ta Dace Da Ɗan Ci-Rani A Ikko?

  Yau magana ce a kan wata 'yar ƙaramar aba wadda wani lokaci ba ta fi akwatin ashana girma ba, amma ga da yawanmu ita ce makarantar da ta rage mana. Ina nufin na'urar sauraro ta aljihu, wadda mutanenmu suka fi sani da MP.

Abin da ya jawo maganar shi ne, cikin 'yan watannin nan mutum 3 sun yi mini tambaya kusan iri ɗaya. Na farko wani dattijo ne mai gadi a wajen Okokomaiko, idonsa ya fara rauni, ba ya iya duba littafi da dare, yana son abin da zai riƙa jin tafsiri da shi. Na biyu mai shayi ne a kusa da mu, yana son abin da zai ɗebe wa teburinsa kewa tun daga asuba. Na uku ƙanena ne da ke zirga-zirga tsakanin Ojo da Agege kusan kullum, ya gaji da yadda babbar wayarsa ke mutuwa kafin la'asar saboda sauraron karatun littattafan Hausa. Kowannensu cewa ya yi: wacce zan saya, mai araha, wadda ba za ta mutu cikin mako biyu ba? Na ga tunda amsar ta shafi jama'a da dama, gara in zauna in rubuta ta gaba ɗaya.

Mai karatu, ka san Bahaushe mutum ne mai kunne. Tun kafin a san wata aba wai ita waya, ba ka raba iyayenmu da rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Faransa kuma a 2007. Duk wanda ya taso a zango ya san hoton nan na mai gadi a kan benci, 'yar Kchibo a kafaɗa, yana murza ta a hankali yana neman tasha a gajeren zango. Daga nan kaset ya shigo. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, Sony kuma ya fito da Walkman a 1979, to amma mu rikoda mai cin manyan batura muka fi sani. Ta hanyar kaset ne tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, da na marigayi Sheikh Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, suka riƙa sauka Ikko cikin motocin shanu da na albasa. Haka waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos. Wanda zai dawo daga gida, tsarabarsa ba ta cika ba sai da kilishi da sabon kaset.

Karatun littafi ma ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Abin da Turawa ke tallatawa yanzu a matsayin littafin sauraro, mu mun daɗe da shi a gidajen rediyon Arewa, a shirye-shirye irin su Shafa Labari Shuni da Rai Dangin Goro, inda ake ɗaukar littafi a karanta shi kashi-kashi, mata a cikin gida da teloli a shago kowa ya kasa kunne. Mutane da yawa da ba su taɓa shiga ajin boko ba sun san labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam, sun san In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, kuma ta kunne suka san su. Yanzu masu karanta littattafan sun koma YouTube da WhatsApp da Telegram, karatun malamai kuma ya cika intanet. Kayan sauraro dai sun yi yawa. Matsalar ita ce mazubin da za a zuba su.

Wani zai ce, to ba ga waya ba? Ai kowace babbar waya tana kunna sauti. Gaskiya ne, kuma wanda yake zaune a ofis da soket a gefensa ba ya buƙatar karanta sauran bayanin nan. Amma mu dubi halin da yawancinmu ke ciki. Na ɗaya, caji. Wayar nan ita ce shagonka, da ita abokin ciniki zai kira ka, da ita za ka ga shigar kuɗi, da ita iyali za su same ka daga gida. In ka ƙarar da batirinta wajen jin labari, aka kuma ɗauke wuta, sai ka kai ta wurin mai caji ka biya, ka zauna ba waya awa biyu ko uku. Na biyu, data. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, saboda haka wanda ke buɗe YouTube don ya ji karatu kawai, kuɗin hoto yake biya alhali kunnensa kaɗai ke amfana. Na uku, tsaro. Duk wanda ya taɓa zama a gefen taga cikin danfo a gosulon Iyana-Iba ko Mile 2 ya san ba a wasa da babbar waya a nan. In aka fizge 'yar MP an yi maka ɓarna kaɗan, in aka fizge waya kuwa an tafi da lambobinka da asusunka. Na huɗu, natsuwa. Kana tsakiyar sauraron bayanin aya sai kira ya shigo, sai saƙon guruf ya biyo baya, kafin ka ankara ka bar malam ka koma kallon bidiyon barkwanci.

Abin mamaki, manyan kamfanoni sun kusa barin wannan kasuwa. Apple da ya fito da iPod a watan Oktoban 2001, mai ɗaukar waƙa 1,000, ya daina ƙera shi a watan Mayun 2022. Abin da ya rage a hannun talaka galibi kayan Caina ne, wasu masu suna, wasu ko suna babu. A cikinsu akwai na kirki akwai tarkace, kuma kwalinsu duk iri ɗaya ne wajen ƙyalli. Ni dai a ganina abin da ke kasuwa ya kasu gida 3.

Kashi na farko ita ce 'yar ƙaramar MP ta iyafis, wadda ake maƙalawa a aljihun riga. Wadda ta yi suna a duniya wajen masu sauraron littattafai ita ce Sansa Clip ta kamfanin SanDisk, wadda ta fito a 2007, da ƙanwarta Clip+ ta 2009 mai ramin memori. Waɗannan an daina yin su, sai dai a dace da ta hannu, kuma ta hannu batirinta ya riga ya tsufa. Bayansu kamfanin ya yi Clip Sport da Clip Jam. Akwai kuma na Caina irin su Ruizu da AGPTEK, waɗanda aka fi samu wajen masu sayarwa ta intanet. Amfanin wannan kashi shi ne rashin nauyi da daɗewar caji, tunda ba ta neman sabis, allonta kuma ɗan mitsitsi ne. Aibinta, batirin a like yake a ciki, ranar da ya mutu sai an sami mai gyara mai haƙuri.

Kashi na biyu ita ce 'yar rediyo mai sifika, mai ramin memori da na filashi, wadda za ka gani a teburin mai shayi da wajen masu yankan farce da 'yan goro. Da yawansu suna amfani da batirin nan na tsohuwar Nokia mai lamba BL-5C, ko kuma dogon batiri mai lamba 18650. Wannan babbar fa'ida ce, domin batirin fita yake yi, kana iya sayen na biyu ka ajiye, in ya lalace ka canza da kanka. Wasu suna da maɓallan lamba daga 0 zuwa 9, in ka danna 36 sai ta tafi fayil na 36 kai tsaye. Ga mai sauraron Alƙur'ani wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, in dai an jera surorin nan 114 daidai. Aibinta shi ne girma, sannan yawancinsu ba sa nuna sunan abin da ke ciki, lamba kawai za ka gani.

Kashi na uku ita ce ƙaramar waya mai maɓalli, wadda matasa ke yi wa laƙabi da rakani-kashi, irin na itel da Tecno da wasu daga cikin na Nokia. Yawancinsu suna karɓar memori har zuwa 32GB, suna da rediyon FM, ga tocila, ga batiri mai kwana biyu ko fiye. A lura, ba kowace ƙaramar Nokia ce ke da ramin memori ba, sai an buɗe baya an duba. Wanda ya cire mata layi ya bar ta don sauraro kawai, cajinta zai ƙara daɗewa. Inda take da rauni shi ne, da yawa daga cikinsu ba sa tuna inda aka tsaya.

Wannan maganar ta tuna inda aka tsaya ita ce uwa uba, kuma ita ce abin da masu sayarwa ba sa faɗa maka, wani lokaci su ma ba su san da ita ba. Waƙa minti 5 ce, in ta koma farko ba a yi asarar komai ba. Amma zaman tafsiri ɗaya yakan kai awa ɗaya da rabi ko awa 2, kashi ɗaya na littafi yakan kai awa guda. Ka ɗauka ka saurari minti 50, aka kira salla ka kashe, ka dawo ka kunna, sai ka ji malam yana sallama daga farko. Tsohon kaset ma ya fi wannan, domin shi inda ka tsayar da shi nan za ka same shi ko bayan shekara. A jikin kwali ko cikin jerin umarnin na'urar, kalmar da za ka nema ita ce Resume ko Bookmark. To amma kada ka yarda da rubutun kwali, gani ya kori ji. Ka je da memorinka mai ɗauke da dogon karatu, ka sa a ciki, ka tura shi gaba zuwa tsakiya, ka kashe na'urar gaba ɗaya, ka ƙirga goma, ka kunna. In ta ci gaba daga inda ta tsaya, ta ci jarrabawar farko. In mai cire batiri ce, ka cire batirin ka mayar ka sake gwadawa, domin wasu suna tunawa ne kawai muddin batiri na jiki.

Jarrabawa ta biyu ita ce tura karatu gaba ko baya a cikin fayil ɗaya. Ka danne maɓallin gaba ka riƙe. Na'urar kirki za ta fara gudu cikin karatun, tana ƙara sauri in ka ci gaba da riƙewa. Ta banza kuwa tsalle za ta yi zuwa fayil na gaba, ko ta riƙa tafiyar hawainiya har yatsanka ya gaji kafin ka kai minti na 40. Akwai ma waɗanda maɓallin ƙara murya da na tsallakewa ɗaya ne, taɓawa kaɗan tsalle, dannewa ƙarin murya. Irin wannan ba ta dace da dattijo ba ko kaɗan, kullum zai riƙa ɓatar da wurinsa.

Na uku, maɓalli na gaske ya fi allon shafawa. Mai aiki da hannu, ko mahauci ne ko mai ɗaukar kaya ko mai wankin mota, yana son abin da zai lalubo cikin aljihu ya danna ba tare da ya duba ba. A duba kuma ko tana da makulli, wato abin da ke hana maɓallan dannuwa da kansu in an matse ka a mota. Na huɗu, ramin iyafis na gargajiya, mai faɗin milimita 3.5. Tun da Apple ya cire shi daga iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi sahu, aka koma bulutut. Bulutut yana da daɗi, amma abu biyu ke nan za ka riƙa yi wa caji, kuma yana ƙara jan batiri. Iyafis mai waya kuwa in ya tsinke, a kowace tasha za ka sami wani. Bugu da ƙari, a yawancin ƙananan MP wayar iyafis ɗin ita ce eriyar rediyon. Na biyar, bakin caji. Ka zaɓi wadda bakinta ya yi daidai da cajar wayarka, kada ka ɗauki mai wani baƙon baki da in igiyarta ta ɓace shi ke nan. In kuma tana da agogon kashe kanta bayan minti 30 ko 60, to wannan ƙari ne mai amfani ga mai sauraro a kan shimfiɗa.

Sai batun memori, inda aka fi cutar mutanenmu. Bari mu yi ɗan lissafi. Sautin MP3 da aka matse a kan ma'aunin 128 yana cin kusan 1MB a kowane minti, wato wajen 58MB a awa. Wannan shi ne daidai da waƙa. Magana zalla kuwa, kamar wa'azi ko karatun littafi, ma'aunin 64 ya ishe ta, wato wajen 29MB a awa. Ka ga ke nan memori mai 8GB zai ɗauki sama da awa 250 na magana. Tafsirin azumi guda, in an ƙaddara awa 2 kullum har kwana 30, awa 60 ke nan, bai kai 2GB ba. A zamanin kaset mai minti 90, wannan kaset 40 ne, kwali guda cur. Saboda haka wanda ke cewa lallai sai ka sayi mai 64GB ko 128GB, kuɗinka yake so. Mai 8GB ko 16GB ya wadatar da mai sauraro na tsawon watanni. Akwai ma wani dalilin: memorin da ya haura 32GB yana zuwa ne da wani tsari na daban da ake kira exFAT, kuma ƙananan na'urori masu araha da yawa ba sa gane shi, FAT32 suka sani. Sai ka sayi babba da tsada, ka sa, ta ce maka babu komai a ciki.

Jabun memori kuma ga yadda yake aiki. Ana ɗaukar ƙarami, a ce mai 2GB ko 4GB, a sauya bayanin da ke cikinsa yadda zai riƙa gaya wa waya ko kwamfuta cewa shi mai 32GB ne. Za ka yi ta zuba kaya yana karɓa, sunayen duk suna fitowa, amma da zarar an wuce ainihin cikinsa, sabon kaya ko dai ya hau kan tsoho ya goge shi, ko ya tafi iska. Sai ka je kunna darasi na 20 ka ji shiru. Maganin wannan shi ne a cika memorin taf a gabanka, sannan a buɗe fayilolin farko da na tsakiya da na ƙarshe a ji ko suna magana. Masu kwamfuta suna da wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke yin wannan gwaji. In ka ga ana sayar da babban memori a kuɗin ƙarami, ka tuna araha ba ta ado.

Akwai kuma abin da ya kamata ka gaya wa mai turi, wato yaran nan masu kwamfuta da ke zuba wa mutane karatu da waƙoƙi. Da farko, ya tabbatar komai MP3 ne. Saƙon murya na WhatsApp yana zuwa ne a wani tsari da ake kira opus, abin da aka sauke daga YouTube kuma sau da yawa m4a ne ko bidiyo, ƙananan na'urori da dama ba sa karanta su sai an juya. Na biyu, lambar jeri. In aka sa wa darussa 1, 2, 3 har zuwa 30, na'ura za ta iya jera su 1, 10, 11, 12, sai can daga baya 2 ta zo. Sai a rubuta 01, 02, 03, in sun haura 99 kuma 001, 002. Na uku, wasu na'urorin ba sa duba suna sam, bin tsarin da aka zuba kayan suke yi, wanda ya fara shiga shi ne na farko. Ga irin waɗannan sai a goge memorin a zuba fayilolin a jere, kashi-kashi, ba a kwashe su gaba ɗaya a watsa ba. Na huɗu, kowane malami da jakarsa, kowane littafi da tasa, waƙoƙi kuma a ware su daban. Ba daɗi mutum yana cikin jama'a a bakin masallaci, karatu ya ƙare, sai kalangu ya ɓarke.

Ina za a saya? Mu da ke Ojo Allah ya kawo mana abin kusa, ga Alaba International nan, kasuwar kayan lantarki da ake zuwa daga ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda kuma a shekarun 2000 ita ce cibiyar rarraba faifan waƙoƙi da finafinai a Kudu. Na Agege kuma Computer Village ta Ikeja ta fi musu kusa. Wanda zai je gida yana iya dubawa a Farm Centre a Kano. Ba zan sa farashi a nan ba, domin tun da aka saki Naira a 2023 kuɗin kayan waje bai zauna wuri ɗaya ba, abin da na rubuta yau zai iya zama tatsuniya bayan wata biyu. Shawarata dai ita ce ka taya a shago 3 kafin ka ciro kuɗi. Ka sayi kaya a wurin mai shago, ba wurin yaran da ke tare mutane a bakin hanya suna cewa biyo ni ba, domin kuɗinsu a kan kayanka za a ɗora. Ka karɓi rasit mai sunan shago da lambarsa, ku yi magana a fili kan kwana nawa za a canza maka in ta ba da matsala. Ka kuma ware kuɗi kashi uku tun daga gida: na na'ura, na memori na ainihi, na iyafis mai ɗan kyau. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a na'ura ya sa mata jabun memori, ya gina ɗaki ne ba ƙofa.

Kada mu manta da lafiyar kunne. Ikko gari ne mai hayaniya, ga janareto, ga hon, ga kwandasta na kiran Mile 2 kamar zai tsaga maƙogwaro. Abin da mutum ke yi shi ne ya ƙure murya don ya rinjayi hayaniyar, a nan ne kuma ake kashe kunne a hankali ba a sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan sauraro, ana kuma ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin muryar na'ura. Iyafis mai roba a baki, wanda ke toshe kunne sosai, ya fi taimako, domin yana rage hayaniyar waje, ba sai ka ƙure ba. Amma wannan na wanda ke zaune cikin mota ne ko jirgin ƙasa. Mai tuƙa babur ko Keke Marwa, da mai tsallaka titin Badagry da ƙafa, da mai tura baro, don Allah a cire. Mai gadi kuma da aka ba amanar gida, kunne ɗaya ya isa, ko sifika a ƙasa-ƙasa. Albashinsa na kunnensa ne.

To me na gaya wa mutanen nan uku? Dattijo na ce masa, "Baba, kai rediyo mai sifika da maɓallan lamba ce taka, mai batirin Nokia." Muka je tare muka gwada guda 4 kafin muka sami mai tuna wuri. Na rubuta masa lambobi da ajami a bayan kwalin: daga kaza zuwa kaza Alƙur'ani, daga kaza zuwa kaza tafsirin marigayi Sheikh Isa Waziri, wanda ya ce tun yana saurayi a Kano yake jin sa. Ya ce, "Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka mayar mini da idona." Mai shayi shi ma irinta ya saya amma babba, mai dogon batiri, tunda shi jama'a yake yi wa. Ƙanena kuwa 'yar ƙarama ta maƙalawa ya ɗauka. Ya ce tsakanin Iyana-Iba da Iyana-Ipaja zuwa Agege, zuwa da dawowa, yakan cinye kashi 3 ko 4 na littafi, kuma wayarsa tana kai shi dare. Ni kaina tsohuwar ƙaramar waya nake amfani da ita wadda na cire wa layi, saboda abin da na fi ji gajerun darussa ne da waƙoƙin Narambaɗa, rashin tuna wuri bai cika damuna ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai abu biyu da nake so mu riƙe bayan an gama ciniki. Na farko, ajiya. Mu mazauna Alaba Rago mun ga yadda zama ke iya canzawa cikin dare ɗaya, tun daga wa'adin tashi da aka bai wa kasuwar a 2022 zuwa rusau ɗin da ya biyo baya a 2024 da 2025. Ko ba wannan ba, ga gobara ga ambaliya. Akwai mutanenmu da ke da tsofaffin kaset na malaman garinsu, ko na wani mawaƙin ƙauye da bai taɓa shiga situdiyo ba, ko muryar mahaifi da ya aiko da saƙo a kaset shekaru 30 da suka wuce. Irin waɗannan ba su a intanet, in sun tafi sun tafi. A kai su wurin mai kwamfuta a juye su zuwa MP3, a yi memori biyu, ɗaya a nan ɗaya a aika gida.

Na biyu, 'ya'yanmu. Yaran da aka haifa a nan suna tashi da Yarbanci da Turancin buroka a bakinsu, wannan kuma ba laifi ba ne, arziki ne, da shi za su ci abinci a garin. Amma Hausar da yawa daga cikinsu ta tsaya a ta aike da gaisuwa. Ba su san karin magana ba, ba su san Gizo da Ƙoƙi ba. Na gwada kunna wa nawa karatun Ruwan Bagaja da dare bayan sun gama aikin makaranta, minti 20 kawai, a sifika, kowa na ji. Makon farko suna ta tsayar da ni suna tambayar ma'anar kalmomi. Yanzu su ke tuna mini in na manta. Ba su da wannan damar in karatun yana cikin wayata, domin waya a hannun yaro wasa take komawa.

A ƙarshe, a tuna marubutan littattafan nan da masu karanta su mutane ne masu iyali, gumi suka zuba. In marubuci ko mai karatu ya sa kuɗi a kan aikinsa, wanda Allah ya hore wa ya biya, kada mu mai da komai na banza don kawai turi ya yi sauƙi. Wanda kuma ya san wata na'urar da ta ci jarrabawar da na lissafa, ya sanar da na kusa da shi a masallaci ko a majalisa, kada ɗan uwansa ya je ya zubar da kuɗin da ya kamata ya aika gida. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mana mutuncinmu a ƙasar mutane, ya sada mu da iyalanmu lafiya.